Ni da Auta da jan biro: shirin insha'in Turanci na WAEC

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Saboda Autanmu na buɗe wannan littafi. Yana ajin ƙarshe a sakandare, bana zai zauna WAEC. Lissafi ba ya ba shi wahala, Fiziks da Kemistiri ma yana taɓukawa, amma sakamakon zangon da ya wuce 41 ya ci a Turanci. Baba ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ke ce 'yar boko, sai ki san yadda za ki yi da ƙanenki." Shi ke nan, kaya ya hau kaina.

Ni ba malamar makaranta ba ce. Shagon buga takardu nake tsaro a nan Zariya: fotokwafi, wasiƙun neman aiki, takardun koke, wani lokaci furojet ɗin ɗalibai. Sai dai na san zafin abin, don ni ma D7 na fara kwasowa a Turanci, sai da na ƙara shekara guda a gida na zauna NECO kafin na samu C6. Wanda ya bi ta nan ya sani: ko A1 ka jera a sauran darussa, in ba kiredit a Turanci da Lissafi, ƙofar jami'a ba ta buɗe maka. Shi kuwa ABU yake so, injiniya.

Yau na sayi littafin tsofaffin tambayoyi ₦2,500, littattafan rubutu uku ₦1,050, biro shuɗi biyu da ja ɗaya ₦300. Jimla ₦3,850. Ba a fafe gora ranar tafiya, saura wata uku da rabi a fara.

Talata, 16 ga Janairu

Bayan la'asar na je gaida Malam, maƙwabcinmu, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda ya shekara da shekaru yana zuwa duba takardun WAEC. Na ce masa na zo ne a koya mini abin da zan koyar. Ya yi dariya, ya jawo bayan wata tsohuwar kalanda ya zana mini.

Takarda uku ce. Ta farko tambayoyin zaɓi 80 cikin awa ɗaya, waɗanda yara ke ce wa canki-canka, maki 40. Ta biyu awa biyu ce, maki 100: insha'i 50, fahimtar abin da aka karanta 20, taƙaitawa 30. Ta uku ta furuci ce, tambaya 60 cikin minti 45, maki 30. Wato cikin maki 170, insha'i kaɗai ya kwashe 50. Tambaya biyar ake bayarwa ka zaɓi ɗaya, ka rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba, kuma minti 50 ake so ka kashe a kai. Tana iya zuwa a wasiƙa, ko jawabi, ko muhawara, ko maƙala ta jarida, ko rahoto, ko labari.

Inda na buɗe baki shi ne yadda ake raba hamsin ɗin. Goma na abin da ka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goman ƙarshe kuma na tsabtar rubutu. Wannan goman ba ci ake yi ba, da shi kake shiga, sai a riƙa yanke rabin maki a kan kowane kuskuren nahawu ko harafi ko aya ko babban baƙi. Kuskure ashirin, ya ƙare. Malam ya ce, "'Yata, mafi yawan takardun da suka bi ta hannuna, tun kafin in juya shafin farko goman nan ta tafi." Ya ƙara da cewa wanda rubutunsa bai kai 450 ba, har wannan goman ma rage masa ake yi daidai da gajartarsa, don kada wani ya yi wayon rubuta kaɗan ya tsira.

Shekara nawa da na zauna jarrabawar nan, ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Asabar, 20 ga Janairu

Gwajin farko. Na zaunar da shi a bayan shago, na ɗora agogo a kan teburi, na ba shi tambaya: ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa kan ƙarancin ruwan sha a unguwarku, ka kawo dalili uku da za su sa a haƙa muku rijiyar burtsatse.

Kalma 290 ya rubuta. Sakin layi na farko gaba ɗaya gaisuwa ce: ya tambayi lafiyar shugaba, da iyali, da aiki, ya yi masa addu'ar gamawa lafiya. Adireshi ɗaya ya sa, babu kanu, ya rufe da "Yours sincerely" da sunan da muke kiransa a gida. Na kai wa Malam da dare, ya ba shi 14 cikin 50: abin da ya faɗa 4, tsari 3, harshe 7, tsabta sifiri.

Da na ce masa wasiƙar ofis ba a gaisuwa a cikinta, sai ya tsaya yana kallona kamar na ce ya shiga gidan mutane ba sallama. "Haba Yaya, babban mutum guda, kawai in faɗa masa da buƙata? Ai rashin tarbiyya ne." Ban ga laifinsa ba. Mu da muka tashi muna rubuta wa Kaka wasiƙa da "bayan dubun gaisuwa da fatan alheri", har a gaida kaji da awaki kafin a zo ga magana. Na ce masa ladabin wannan wasiƙar a wani wuri yake: ka rubuta muƙaminsa daidai, kada ka gutsure kalma, kada ka ɓata masa lokaci. Na ɗauko kwafin wata wasiƙar neman aiki da na buga, na rufe sunan mai ita, muka bi ta daki-daki. Adireshinka da kwanan wata a sama ta dama. Muƙami da adireshin wanda ake rubuta wa a ƙasa ta hagu. "Dear Sir" da waƙafi. Kanu. Jimlar farko ta faɗi abin da ya kawo ka. A ƙarshe "Yours faithfully" da waƙafi, f ɗin ƙarami, sa hannu, sannan cikakken suna.

Ya kwafa, amma na ga alama bai gamsu ba.

Alhamis, 25 ga Janairu

Hazo da sanyi, kowa na tari. Kan wasiƙa kawai muka yi ta maimaitawa, sau goma, ba ciki. Ya riƙe.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na ware littafi ɗaya na sa masa suna "littafin laifi". Duk kuskuren da ya maimaita sau biyu sai mu shigar, da gyaransa a gefe. Cikin mako biyu mun cika shafi uku, kuma da na zauna na duba sai na ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne: Hausa ce sanye da rigar Turanci.

"My father he is a trader", wato Babana yana kasuwanci, ya kawo "yana" ɗin ya dasa. "Borrow me your pen", saboda mu da ara da arawa tushe ɗaya ne. Magani shan sa ake yi, sai ya rubuta "drink". Wari jin sa ake yi, sai ya rubuta "hear". Akwai wurin da ya so ya ce ya ci jarrabawa, Allah ya taimaka ya soke kafin ya gama. Sai rikicin p da f, wanda a baki ba ya damun kowa a garin nan, amma a takarda "froblem" rabin maki ne. Sai "a" da "the" da ke ɓacewa kamar gishiri a miya. Sai jam'in da babu shi: "advices", "informations", "furnitures". Waɗannan ukun, in faɗi gaskiya, har manyan mutane suna kawo mini su a shago, in na gyara wani ma ya ce na taɓa masa rubutu.

Na sayi ƙamus na hannu a wurin masu baza littattafai a bakin titi, ₦3,000. Bangon ya cire, amma ciki lafiya lau.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Jiya da dare aka yi wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan. Troost-Ekong ya fara jefa mana da ka, Kessie ya farke, Haller ya ƙara, Kwaddibuwa ta ɗauke kofi da ci 2 da 1. Auta ya dawo daga gidan kallo ko tuwo bai taɓa ba.

Yau da yamma ina rufe shago na jiyo shi a majalisarsu ta ƙofar gida yana musu da wani yaron da ya ce alƙalin wasa ne ya cuce mu. Na tsaya a soro ina saurare. Ya ce, "Na yarda gidansu ne, filin ma nasu ne. Amma ka ba ni amsa uku. Da muka ci, wa ya ce mu koma baya mu tsugunna? Osimhen da aka bari shi kaɗai a gaba, da iska zai yi wasa? Kuma mutum ya gaji tun ana ganinsa, me ya hana a canja shi da wuri?" Kowace ya kawo misali, ya faɗi lokacin da abin ya faru, ya amsa wa yaron hujjarsa tun kafin ya kawo ta. Majalisa ta yi tsit.

Wannan yaron ne fa ya kasa ba ni dalili uku a kan ruwan sha.

Da ya shigo na ce, "Auta, abin da ka yi a waje ɗazu, shi ne tambayar muhawara, ba ƙari ba ragi." Ya ce wasa nake yi. Na ba shi wayata na ce ya maimaita da Hausa ya naɗa. Muka saurara tare, ina tsayarwa: ga matsayinka, ga hujja ta ɗaya da misalinta, ga ta biyu, ga inda ka yarda da abokin hamayya kaɗan don ka kayar da shi da kyau. Na ce kada ya fassara mini jimla-jimla, nan ne Hausar ke bin sa ta shiga. Hujjojin kawai zai ɗauka, kowace kalma uku ko huɗu a gefen takarda, ya kashe wayar, ya gina kowace da gajerun jimlolin Turancin da ya tabbata da su.

Kalma 410. Kuskure 23. Amma karo na farko na karanta rubutunsa na ji mutum a ciki.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Sabon tsari: minti biyar na farko tunani ne, da kowane harshe ya ga dama, a fitar da hujja uku. Minti arba'in rubutu. Biyar na ƙarshe dubawa. Mun ƙirga, rubutunsa kalma takwas ne a layi, don haka layi 57 yake buƙata. Ya daina ɓata lokaci yana ƙirga kalma ɗaya-ɗaya da bakin biro.

Muhawara muka yi: makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Ƙa'idarta ka fara da jero masu sauraro, shugaban taro, alƙalai, mai kula da lokaci, abokan muhawara, sauran jama'a, sannan ka faɗi ɓangaren da ka ɗauka ka tsaya a kai. Shi da farko ya so ya yi adalci, ya yabi wannan ya yabi wancan. Na ce ba sulhu aka kira ka ba. Maƙalar jarida kuwa kanu ne a sama, sunanka a ƙarƙashi ko a ƙarshe, ba adireshi, ba "Dear" kowa. Malam ya ba muhawarar 24.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na ɓata. Zan rubuta yadda abin ya faru don kada gobe in gyara labarin in wanke kaina.

Ranar Laraba ya kawo mini wasiƙa zuwa ga aboki, yana ba shi shawarar kada ya bar makaranta ya koma acaɓa. A gaggauce ya yi ta, na zagaye kuskure 31, takarda ta koma kamar an yanka kaza a kai. Shago cike da mutane, janareto na ƙara, wani yana jiran fotokwafi shafi ɗari, raina a ɓace. Sai na ɗaga takardar na karanta wata jimla da ƙarfi, da irin muryarsa, har da "feofle". Mutane suka yi dariya. Cikinsu akwai abokinsa da suka zo tare, da wata yarinya 'yar makarantarsu da ta kawo bugun takarda. Ban lura da ita ba sai daga baya.

Bai ce komai ba. Ya karɓi takardarsa ya ninke, ya fita. Tun ranar bai sake zuwa shago ba. A gida in na shiga falo ya fita tsakar gida, gaisuwa ma daga nesa. Littafin laifi na tsinto shi a bayan buhun gawayi.

Umma ta kira ni ɗaki jiya. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ciwo. Ta ce, "An ce ki koya masa, ba a ce ki tsiraita shi a kasuwa ba. Ke da kika faɗi taki, wa ya karanta takardarki a gaban mutane?" Ba wanda ya karanta. Baba ma ninke ta ya yi ya sa a aljihu, bai ƙara tayar da maganar ba sai da lokacin rajista ya zagayo.

Kwana huɗu sun tafi a banza, kuma mok ɗinsu, wato jarrabawar gwaji ta makaranta, saura mako biyu.

Asabar, 2 ga Maris

Ranar Talata na ba shi haƙuri, a gaban Umma. Ya ce ya wuce, amma da sharaɗi: ba a shago ba, kuma ba jan biro. Na yarda. Na sayi kore, ₦100.

Abin mamaki, sharaɗin nasa ya fi dabarata amfani. Yanzu ba na zagaye komai. Ɗigo nake sawa a bakin layin da ke da kuskure, shi zai nemo. Cikin ɗigo 19 na jiya ya gano 13 da kansa. Ashe ya san ƙa'idar, dubawa ce ba ya yi. Da ina gyara masa, ni ke ƙwarewa, shi yana kallo.

Asabar, 9 ga Maris

Takardar mok ta dawo: insha'i 17 cikin 50. Na karanta sau biyu, ban gane mai rubutun ba. Manyan kalmomi jere, waɗanda ni kaina sai da na buɗe ƙamus. Tambayar ta ce, a matsayinka na shugaban ɗalibai ka rubuta jawabin da za ka yi wa sababbin ɗalibai kan illar mugayen abokai. Shi kuma ya zuba maƙala a kan shaye-shaye, da kanunta, ba gaisuwar masu sauraro, ba ko "you" ɗaya da ke nuna da wani yake magana. A tsakiya ma akwai inda hadda ta tsinke, ya bar jimla a rataye ya tsallaka.

Da na matsa sai ya fito da shi daga jaka: wani ɗan littafi mai bangon ruwan ɗorawa, ₦700 ya saya da kuɗin tararsa a makon da ba ma magana. Insha'i talatin shiryayyu, wai ka haddace biyar dole ɗaya ta fito. Ban yi faɗa ba, don ni na kora shi can.

Muka je wurin Malam tare. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, mai duba takarda yakan ga irin wannan sau goma a rana ɗaya, kalma ba ta bambanta. Da ya gane ba tambayar ka amsa ba, makin abin da ka faɗa da na tsari sun tafi, komai kyan Turancin." Sai ya tambaye shi wane irin mugun aboki ya taɓa gani da idonsa. Auta ya ba shi labarin wani ɗan ajinsu da aka fara ja zuwa gidan caca ta ƙwallo, har ya sayar da wayar yayarsa. Malam ya ce, "To ga jawabinka nan, ka bar shi a aljihu ka je ka sayo na wani."

Yaranmu sun iya hadda, tun daga allo aka horar da ƙwaƙwalwarsu, kuma baiwa ce. A nan ne kawai ba ta da kasuwa. Abin da na yarda ya haddace: tsarin kowane irin rubutu, da kalmomin haɗa sakin layi, da abin da ke littafin laifi.

Litinin, 11 ga Maris

An tashi da azumi. Mun mayar da darasi bayan sallar asuba, minti arba'in, kafin barci ya dawo. Na kai wa Malam sukari da dabino, ₦4,000. Kuɗi ya ƙi karɓa tun farko.

Lahadi, 17 ga Maris

Rahoto. Wa, me, yaushe, a ina, me aka yi, me kake ba da shawara. Ba ra'ayi, ba ado. Ya ce wannan ya fi masa sauƙi, kamar rubuta sakamakon gwaji ne a ɗakin kimiyya.

Asabar, 23 ga Maris

Zafi ya sauka da ƙarfinsa, wuta kuma kwana uku ba ko ƙyaftawa. Da hasken waya muke karatu har ta mutu, sai na haƙura na sayi fitila mai caji, ₦6,500, ina cajinta a shago da rana. Littattafan rubutu biyu, ₦700.

Matsalar wannan makon lokaci ce. Tun da ya fara kula da kuskure sai ya koma tafiyar hawainiya, minti 50 na cika yana layi na arba'in, ba rufewa. Na gane yana tsayawa ne neman kalmar burgewa. Na kafa doka: kalmar da ba ka tabbatar da haruffanta ba, sake ta ka ɗauki ƙanwarta. In "accommodation" na maka gardama, "housing" na nan. Ya ce ai mai dubawa zai raina shi. Na ce gara ya raina ka ya bar maka rabin makinka.

Wani abin da na lura: jimlolinsa masu tsawo su ke tara kuskure. Ya saba da zancenmu, inda za ka yi ta ɗaura magana da "sai" da "kuma" har numfashi ya ƙare, kuma ta yi daɗi. Ya kai wannan can, "and" bakwai a jimla ɗaya, kafin ya kai ƙarshe ya manta da wa ya fara. Yanzu in jimla ta wuce layi biyu, aya.

Na yi sakaci da taƙaitawa da yawa, ga ta da maki 30. Daga gobe kwana biyu a mako nata ne: amsa a cikakkiyar jimla, da kalmominka, ba kwaso na cikin rubutun ba.

Asabar, 30 ga Maris

Shi da kansa ya kawo mini waya yau. An sa shi a wani zauren WhatsApp, wai a biya ₦5,000 a samu tambayoyin Turanci daren jarrabawa. Ya ce yara shida a ajinsu sun biya. Ya tambaye ni, ba da wasa ba, "Yaya, in su suka ci ni na faɗi fa?"

Ban yi masa wa'azi ba, azumi ne, ya sha a masallaci. Lissafi na yi masa, tunda shi yake ji. Ba ka san mai lambar ba, in ya karɓa ya toshe ka wa za ka kai ƙara? In abin da ya turo ƙarya ne, ka kwana kana haddar abin da ba zai fito ba, ka shiga da ido jajur. In gaskiya ne, mutum ɗari sun rubuta amsa iri ɗaya, kuma duk shekara ana riƙe sakamakon ɗalibai masu yawa saboda irin haka, wani ma a soke. Ya yi shiru, ya fita daga zauren a gabana. Ko ya koma ta wata wayar, Allah masani, amma ban ga alama ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Goman ƙarshe, tahajjud, ba mai iya buɗe ido da asuba. Na ba da hutu har bayan Sallah. Abin da na kashe zuwa yau: ₦18,150.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Ya je kallon hawan Sarki, ya dawo da muryar da ta dishe. Na sa ya rubuta wa wani aboki na Legas wasiƙa yana jan ra'ayinsa ya zo Sallah mai zuwa. Nan an yarda da gaisuwa, sai ya saki jiki, har da gaida mutan gida. Kalma 480, ɗigo 14. Ya ce da ma duk tambayoyin irin wannan ne.

Laraba, 24 ga Afrilu

JAMB ta cinye mana kwana goma, ranar Litinin ya yi tasa. Can tambaya 180 ce a kwamfuta cikin awa biyu, 60 na Turanci, duk zaɓi, ba rubutun layi ko ɗaya. Hannunsa ya yi sanyi: gwajin yau ɗigo 21, "advices" ma ta dawo gaishe mu. Ban ce komai ba, na tura masa littafin laifi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Shekaranjiya Mai unguwa ya zo shago da kansa. Kwalbatin bakin layinmu ta toshe da shara da yashi, bara ruwa ya shiga gida huɗu, ga damina ta ƙarato. Yana so a rubuta wa ƙaramar hukuma a taimaka da motar kwasa. Ya faɗi da Hausa kamar yadda ya saba, ni in juya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa gobe." Na kai wa Auta aikin.

Ya tsorata da farko, ya ce wannan ai ta gaske ce. Ya fita da yamma ya je ya ga kwalbatin, ya tambayi masu gidajen da ruwa ya shiga, ya dawo ya zauna. Hujja uku: gidajen da ke cikin haɗari, sauro da zazzaɓin yara, da hanyar da masu Keke Napep suka daina bi. Sai ya ƙara abin da ban koya masa ba, ya rubuta cewa matasan unguwa sun yarda su fito da shebur da baro ranar Asabar, mota kawai ake nema. Na tambaye shi dalili, ya ce, "In ka je roƙo ka nuna ka kawo rabi, an fi jin kunyar hana ka." Gaisuwa kuwa ko layi ɗaya babu. Da na tsokane shi ya ce Mai unguwa zai yi ta da baki in ya kai.

Kafin in buga na kai wa Malam rubutun hannun, na ce ya duba kamar a jarrabawa. Abin da ya faɗa 7, tsari 7, harshe 11, kuskure 11 wato tsabta 4 da rabi. Jimla 29 da rabi. Daga 14. C6 daga kashi 50 cikin ɗari take farawa, don haka insha'in ya haye, saura sauran sassan su riƙe nasu.

Na buga, na kawo gida ya gani kafin Mai unguwa ya sa hannu. Ya karanta a hankali, ya miƙa hannu ya ɗauki koren birona, ya ɗiga a bakin layin ƙarshe. Na duba: "Yours Faithfully", da babban F. Kwamfuta ce ko ni ce, ban sani ba. Ya ce, "Rabin maki, Yaya." Umma da ba ta jin Turanci ta fi kowa dariya. Na sake bugawa da safe.

Asabar, 4 ga Mayu

An fara jarrabawa, ya kawo jadawali na manna a bangon ɗakin Umma. Kafin ranar Turanci: cikakkiyar takarda ta biyu sau uku, awa biyu cur da agogo, Litinin da Laraba da Asabar. Taƙaitawa kullum, guda ɗaya. Furuci zai riƙa zuwa wurin Malam bayan magariba, don ni kaina p da f ɗina ba abin koyi ba ne. Mun yanke cewa in wasiƙar ofis ko muhawara ta fito, ita zai ɗauka; labari sai in ba yadda zai yi, nan ne yake rikita jiya da yau. Daren jarrabawa ba sabon abu, littafin laifi kawai, shafi bakwai.

Saura in saya masa biro biyu da agogon hannu mai araha, tunda ba a shiga da waya. Motar kwalbati har yanzu ba ta zo ba, Mai unguwa ya ce zai sake komawa ranar Talata.